Ajin Baftisma da Bakin Mai I'ina

A ikkilisiyarmu ba a yi wa babba baftisma sai ya bi ta aji. Za ka ba da sunanka wurin sakataren ikkilisiya, ka riƙa zuwa darasi kowane mako har tsawon watanni, sannan ka zauna gaban dattawa su yi maka tambayoyi, daga nan ka tsaya gaban jama'a ka furta bangaskiyarka da bakinka. Matakan nan biyu na ƙarshe su suka hana ni ba da sunana har na haura shekara talatin. Ni mai i'ina ne tun ina yaro, irin i'inar da ke riƙe harafin farko ta ƙi saki har jijiyar wuya ta tashi, mai sauraro ya rasa inda zai sa idonsa. Na daɗe da ba da gaskiya ga Yesu, ina zuwa sujada, ina zama a bencin baya. Amma duk shekarar da aka yi sanarwar buɗe aji sai in ce a raina wannan na masu baki ne.

Wanda bai taɓa i'ina ba zai ɗauka matsalar harshe ce kawai, alhali ta wani waje take cin mutum. Tun kana ƙarami kake lura mutane suna ƙarasa maka magana, wasu don tausayi, wasu don gajiya. Sau da yawa abin da suka ƙarasa ba shi kake nufi ba, amma sai ka gyaɗa kai don a wuce wurin. A hankali sai ka fara auna kanka da lokacin mutane, kana tambayar ko maganarka ta kai a jira ta, kana ba kanka amsa cewa ba ta kai ba. Da wannan zuciyar nake zuwa gaban Allah. Na san yana ƙaunar duniya, kowane ɗan coci ya haddace Yahaya 3:16, amma ina ganin kaina cikin taron ne kawai, kamar wanda alheri ya shafa don yana tsaye kusa da waɗanda aka nufa.

Yayata ce ta matsa mini. Ta ce, "Kai dai je ka zauna ka ji, ba wanda zai ɗaure ka. In ka ga ba za ka iya ba ka dawo." Na rubuta sunana a takarda na miƙa wa sakatare don kada in faɗa da baki.

Malamin ajin wani dattijo ne da ya daɗe yana koyarwa, kowa Baba yake ce masa. A ajin akwai matasa da suka girma a coci, da wata uwa mai goyo, da wani tsoho da bai iya karatu ba, da wani mutum tsarana da bai daɗe da fitowa daga gidan yari ba, wanda ya zauna shi kaɗai a ƙarshen benci. A ranar farko Baba ya kafa dokokin aji, ɗaya daga cikinsu ita ce ba mai ƙarasa wa wani magana. Bai kalle ni ba da ya faɗa, kuma na gode masa da hakan.

Na zaci da zunubi za a fara. Sai Baba ya sa aka buɗe Farawa 1:26-27, inda Allah ya halicci mutum cikin siffarsa, namiji da mace. Ya tambaye mu, "Wane aiki mutum ya yi kafin a ce shi siffar Allah ne?" Aka yi shiru, sai uwar nan ta ce bai yi komai ba, ko numfashi bai fara ba. Wani saurayi ya ce ai wannan kafin faɗuwa ne, bayan Adamu ya yi zunubi siffar ta tafi. Baba ya kai mu Farawa 9:6, bayan ruwan tufana, inda aka haramta zubar da jinin mutum don an yi shi cikin siffar Allah, sannan Yakubu 3:9, inda manzon ya tsawata wa masu yabon Allah da harshen da suke zagin mutanen da aka halitta cikin kamanninsa. Ya ce zunubi ya lauya siffar, ya ɓata ta ƙwarai, amma Littafi Mai Tsarki bai taɓa daina kiran mutum da ita ba. Ya ba mu labarin Giregori, bishop na Nisa a ƙasar da ake kira Turkiyya a yau, wanda a ƙarni na 4 ya yi wa'azi a kan Littafin Mai Hadishi ya ƙalubalanci masu sayen bayi, yana tambayarsu da wane kuɗi za a iya sayen wanda ke ɗauke da siffar Allah. A zamanin da bauta ta zama ruwan dare ya faɗi haka, kuma hujjarsa ita ce wannan ayar ta shafin farko.

Aikin gida na makon shi ne mu karanta Zabura 139 mu ja layi a ƙarƙashin abin da ya tsaya mana. Yawancin ajin sun dawo da ayoyi na 13 da 14, inda mai zabura ke cewa Allah ne ya harhaɗa shi a cikin mahaifiyarsa. Ni ban kai can ba. A aya ta 4 na tsaya, inda aka ce tun kalma ba ta hau harshena ba Ubangiji ya riga ya san ta gaba ɗaya. Na sha wucewa ta kan ayar nan. Wannan karon na karanta ta a matsayin mutumin da kalma ke maƙale wa tsakanin zuciya da leɓe, na gane ashe akwai wanda bai taɓa jin maganata a gutsure ba. Abin da nake nufi yake ji, ba abin da wani ya ƙarasa mini ba. A daren nan na yi addu'a da ƙarfi a ɗakina, da i'inata da komai, abin da ban saba ba.

Akwai darasin da ya yi mini nauyi, ba zan ɓoye ba. A Fitowa 4 Musa ya ce wa Allah shi mai nauyin baki ne, Allah ya amsa masa da tambaya, wa ya yi wa mutum baki, wa yake sa mutum ya zama bebe ko kurma ko makaho? Na yi shekaru ina roƙon a ɗauke mini i'inar nan, ga shi nassi yana cewa Mahaliccin ya sani sarai. Na tsaya bayan an tashi, na tambayi Baba. Ya jira har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, ba ni da amsar da za ta rufe maganar nan. Abin da na gani a rubuce shi ne Allah bai sake wa Musa harshe ba, bai kuma sake manzo ba. Ya ba shi Haruna ya ce su tafi." Ya ƙara da cewa Bulus ya roƙa sau 3 a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi. Na tafi gida ban gamsu duka ba. Har yau ina roƙon waraka, kuma ban ga laifin hakan ba. Abin da ya sauya shi ne na daina ɗaukar rashin warakar a matsayin shaidar cewa ba a damu da ni ba.

Tsohon nan da bai iya karatu ba shi ya buɗe mana idanu a kan gwara. An karanta Matiyu 10:29, inda Yesu ya ce ana sayar da gwara biyu a bakin ɗan tsabar tagulla ɗaya, sannan Luka 12:6, inda ya ce biyar a bakin tsaba biyu. Baba ya bayyana cewa tsabar nan kashi ɗaya ce cikin 16 na dinari, dinari kuwa shi ne ladan ma'aikaci na yini guda kamar yadda yake a Matiyu 20. Tsohon ya ƙirga da yatsunsa ya ce, "Baba, in biyu tsaba ɗaya ne, tsaba biyu huɗu za ta saya. Ta biyar ɗin gyara ce." Haka ne kuwa. Tsuntsuwar da mai sayarwa bai ma sa mata kuɗi ba, wadda aka ɗora a kai don mai saye ya ji daɗi, tana cikin waɗanda Yesu ya ce Allah bai manta da ko ɗayarsu ba. Tsohon ya ce duk rayuwarsa haka aka ɗauke shi a inda ake ƙirga mutane, kuma ya faɗa ba da ɗaci ba. Ni ma na san wannan matsayin.

Darasin da ya fi zama mini a rai daga Markus 5 ya fito. Yayirus, ɗaya daga cikin shugabannin majami'a, ya faɗi a ƙafafun Yesu yana roƙo domin 'yarsa mai shekara 12 da ke bakin mutuwa. Babban mutum, buƙata ta gaggawa, jama'a na tururuwa. A hanya wata mace da ta yi shekara 12 tana zubar jini, ta ƙarar da duk abin da take da shi wurin masu magani ba sauƙi, ta raɓo ta baya ta taɓa tufarsa. Bisa ga Littafin Firistoci sura 15, mace mai irin wannan ciwon ƙazantacciya ce, shimfiɗarta da wurin zamanta duk sun ƙazantu, wato ta yi shekarun nan a gefen jama'a. Ta warke nan take. Tana iya sulalewa, shi ma yana iya wucewa, don an riga an biya buƙatarta. Amma Yesu ya tsaya yana tambayar wa ya taɓa shi, har almajiransa suka ga tambayar ba ta da kan gado a cikin wannan cunkoso. Matar ta zo tana rawar jiki ta faɗi gabansa, Markus ya ce ta faɗa masa gaskiyar duka.

A nan na kasa wucewa. Mace mai tsoro, murya na karkarwa, tana ba da labarin shekara 12, ba abin da za a gama cikin ƙiftawar ido ba ne. Yayirus na tsaye, kowace daƙiƙa tana ci masa rai, kuma nassin bai ɓoye tsadar jiran ba, don Yesu na cikin magana aka zo da labarin yarinyar ta rasu. Duk da haka bai katse matar ba, bai ce mata ta taƙaita ba. Da ta gama ya kira ta 'yarsa a gaban taron da ke gudunta. Bai kuma yi watsi da Yayirus ba, ya je gidan ya kama hannun yarinyar ya tashe ta. Mu ne lokaci ke yi wa kaɗan har mu zaɓi wanda ya cancanci a saurara. A ganina duk wanda yake so ya san yadda Allah yake ɗaukar mutum guda, ya zauna da labarin nan ya lura da wanda aka sa ya jira da wadda aka tsaya wa.

Da muka zo Luka 15 na ga ɗayan gefen. Ɗan da ya ɓatar da gādonsa ya shirya jawabi tun daga ƙasa mai nisa, zai ce ya yi zunubi, bai isa a kira shi ɗa ba, a mai da shi kamar ɗaya daga cikin 'yan ƙodago. Da ya iso ya fara, bai kai ga roƙon zama ɗan ƙodago ba uban ya juya ga bayinsa yana cewa a kawo riga mafi kyau. An sha katse ni a rayuwa, amma ban taɓa ganin an katse mutum a daidai inda zai rage wa kansa daraja ba sai a nan.

Wajen tsakiyar ajin Baba ya haɗa mu biyu-biyu don bitar darasi, ya haɗa ni da mutumin da ya fito daga gidan yari. A zamanmu na farko na maƙale a kan wata kalma, na fara ba shi haƙuri da hannu. Ya ce, "Ɗan'uwa, kada ka damu. In akwai abin da na koya a can, jira ne." Ban taɓa samun mai saurarona kamarsa ba. Ba ya kawar da kai, ba ya motsa leɓe yana taya ni, yana zaune kawai har in fito da ita.

Ba kowa ya ji daɗin kasancewarsa a ajin ba. Magana ta kai kunnen Baba cewa wasu iyaye na ganin bai kamata a haɗa shi da 'ya'yansu ba, wasu kuma na cewa a bari a ga kamun ludayinsa na 'yan shekaru tukuna. Baba bai kira sunan kowa ba. Ya karanta mana Yakubu 2, inda aka kwatanta mai zoben zinariya da aka ba wuri mai kyau da matalaucin da aka ce ya tsaya can, aka kuma kira wannan nuna bambanci zunubi. Ya karanta Romawa 5:8, cewa Allah ya tabbatar da ƙaunarsa gare mu da yake tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Ya ce in sai an tsarkaka ake shiga, to a rufe ajin kowa ya tafi gida, har da malamin. Amma bai tsaya nan ba, kuma wannan ne ya sa na ƙara girmama shi. Ya kai mu Luka 19, labarin Zakka shugaban masu karɓar haraji a Yariko. Yesu ne ya fara kiran sunansa ya ce zai sauka a gidansa, tun mutumin bai yi alkawarin komai ba. Daga baya Zakka ya tashi ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki 4. Ƙauna ce ta riga zuwa, gyara ya biyo baya, kuma dole ya biyo. Waɗanda abokina ya cuta su ma siffar Allah ne, darajarsa ba ta share tasu ba. Shi da kansa ya nemi Baba da wani dattijo su raka shi wurinsu.

Makonnin ƙarshe na haddar Shaidar Bangaskiya ta Manzanni ne, wadda ta samo asali daga furcin da masu karɓar baftisma ke yi a ikkilisiyar Roma tun ƙarnonin farko. Baba ya ce mu gode Allah da watanninmu, don a wancan zamanin akan yi har shekara 3 ana koyar da mutum kafin a kai shi ruwa, galibi a daren Ista. A irin wannan daren ne a shekara ta 387 Ambros, bishop na birnin Milan a Italiya, ya yi wa Agustin baftisma, wanda daga baya ya zama babban malamin ikkilisiya. Hadda ba ta ba ni wuya ba. Masu i'ina da yawa sun san cewa in ana faɗin abu tare da jama'a, ko ana waƙa, harshe yakan saki. In muna faɗa tare ba ka bambanta ni da kowa. Damuwata ita ce ranar da zan faɗa ni kaɗai.

Ranar ganawa da dattawa muka zauna a waje ana kiranmu ɗaya bayan ɗaya. Baba ya riga ya gaya mini in ina so zan iya rubuta amsoshina a karanta, ba wanda zai ga laifina. Na yi tunani na ce masa ina so in faɗa da bakina. A ciki akwai fasto da dattawa, maza da mata, Baba na gefe. Fasto ya tambaye ni wane ne Yesu a gare ni, kuma me ya sa nake neman baftisma yanzu. Na fara da kyau, sai na zo kan sunan Yesu kansa, harafin farko ya riƙe. Na ji zufa na bin bayana, ina kallon gefen teburin inda fenti ya ɓare. Wata dattijuwa, da kyakkyawar niyya, ta buɗe baki za ta taya ni, Baba ya ɗan ɗaga tafin hannunsa daga kan gwiwarsa, ta yi shiru. Suka jira. Da sunan ya fito sai sauran maganar ta biyo, a hankali, da tuntuɓe. Na gaya musu game da Zabura 139:4 da matar Markus 5. Na ce na daɗe da sanin Almasihu ya mutu domin masu zunubi, yanzu na gaskata ni ma da sunana aka nufa. Dattijuwar nan ta ce, "Ɗana, mun ji ka sarai." Suka yi mini tambayoyi a kan tuba da Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, da zaman zumunci, fasto ya yi addu'a, aka kira na gaba.

Ranar baftisma muka jeru yadda aka rubuta sunayenmu. Kafin a shiga ruwa fasto ya karanta Galatiyawa 3:27-28, cewa duk waɗanda aka yi wa baftisma cikin Almasihu sun yafa Almasihu, ba Bayahude ko Baheleni, ba bawa ko ɗa, ba namiji ko mace. Tambayoyi iri ɗaya aka yi wa kowa, da saurayin da mahaifinsa dattijon ikkilisiya ne, da tsohon da ya haddace komai da ka, da abokina. Da aka zo kaina fasto ya tambaye ni ko na gaskata da Yesu Almasihu Ubangijina da Mai Cetona. Amsar gajera ce, amma ta maƙale, kuma wannan karon ikkilisiya ce gaba ɗaya a gabana. Ba wanda ya yi tari, ba wanda ya amsa a madadina. Na ce na gaskata. Ya nutsar da ni cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, na fito mawaƙa na rerawa, yayata na tsaye a bakin ruwa tana kuka da tawul a hannu. Abokina ne ya biyo bayana, na tsaya jiƙe ban tafi sauya kaya ba sai da na ga fitowarsa. A sujadar da ta biyo muka ci Jibin Ubangiji karo na farko, aka rubuta sunayenmu a littafin ikkilisiya.

I'inata tana nan yadda take. A wurin aiki har yanzu ana ƙarasa mini magana, sai dai yanzu in abin da aka ƙarasa ba shi nake nufi ba, nakan ce a'a, in sake farawa. Cikin mutanen da abokina ya je neman gafararsu, wasu sun karɓe shi, akwai wanda ya ce kada ya sake taka masa ƙofa, kuma dattawa sun gaya masa ba shi da ikon tilasta wa kowa yafiya. Yana biyan abin da ke kansa kaɗan-kaɗan daga abin da yake samu, ta hannun ɗaya daga cikin dattawan. Muna haɗuwa kowane mako, ni da shi da tsohon nan, muna bin Bisharar Luka daga farko. Ni da abokina muke karɓa-karɓa wajen karatu da ƙarfi, tsohon kuma shi ke tsayar da mu ya yi tambaya.